Tarihin Kano da Masu Neman Asalinsu a Ƙasar Gwaram

Basirka gari ne cikin ƙasar Gwaram, kusa da iyakar Bauci. A da, Gwaram da Birnin Kudu gundumomi ne na ƙasar Sarkin Kano. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano, suka faɗa cikin sabuwar jiha, yanzu kuwa suna cikin masarautar Dutse. Saboda haka duk mutumin Basirka da ya tashi neman asalin gidansu a rubuce, littafin da za a fara miƙa masa shi ne Tarihin Kano.

Masu wannan nema suna da yawa a yanzu, kuma ba duka ne sha'awa ta ke sa su ba. Wani dagaci ne ya rasu, gidaje biyu suna jayayya a kan wanda kakansa ya sari garin. Wani aure ya ke nema, iyayen yarinya suka aika a binciko asalinsa. Wani kuma takardar shaidar zama ɗan ƙasa ya ke so daga ƙaramar hukuma, domin ɗansa ya sami makaranta ko aiki. Tun da ya ke abin ya shafi sarauta da aure da abinci, ya kamata a auna littafin nan, tare da sauran takardu da shafuffukan intanet da a ke haɗa shi da su, a ga iyakar nauyin da kowannensu zai iya ɗauka.

Littafin da masu fassara shi

Da Larabci aka rubuta Tarihin Kano, Larabcin da Hausa ta ratsa shi ƙwarai, har akwai kirare-kirare da aka bari da Hausa a cikinsa. H. R. Palmer ya juya shi da Turanci, aka buga cikin 1908, ya sake buga shi cikin 1928. Hukumar Fassara ta Zariya, a hannun Dr. R. M. East, ta fito da shi da Hausa cikin 1933, a littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Wannan fassara ita ce malaman makaranta suka fi sani, kuma hanyarta Alhaji Abubakar Dokaji ya bi wajen jera sarakunan Haɓe cikin Kano Ta Dabo Cigari, na 1958.

Littafin ya jera sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello. Arba'in da uku na farko Haɓe ne, na ƙarshensu Alwali, wanda aka kashe a Burumburum cikin 1807. Mai littafin yawan shekarun da kowane sarki ya yi kaɗai ya ke faɗi. Shekarun Hijira da na Masihiyya da a ke gani a gefen sunayen aikin Palmer ne: ya yi ta ɗebe shekarun sarauta yana komawa baya, har lissafi ya kai shi 999. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, gama kuskuren shekara biyar a kan sarki ɗaya zai bi dukan sarakunan da suka gabace shi.

Masana sun yi saɓani a kan yadda aka haɗa littafin. M. G. Smith yana ganin an yi ta rubuta shi ne zamani bayan zamani. John Hunwick cikin 1994 ya fi karkata ga cewa a zamanin Sarki Muhammadu Bello aka tattara shi gaba ɗaya, kafin rasuwarsa cikin 1893, kuma ana nuna Ɗan Rimi Barka, ɗaya daga manyan bayin sarki, a kan shi ne mai aikin. Murray Last cikin 1980 ya ce waɗansu sunaye na farkon littafin misali ne na ƙabilu da wurare, waɗanda aka mai da su mutane domin labari ya tafi daidai. In haka ne, wanda ya ɗaura nasabarsa ga irin wannan suna ya ɗaura ta ga gari ne, yana tsammanin kaka ya samu.

Abin da ya bayar, da abin da ya hana

Ba za a ƙi yaba wa littafin nan ba. Yana da wata ɗabi'a wadda yawancin takardun nasaba na yanzu ba su da ita, watau ambaton sunan uwar sarki a farkon labarinsa. Yana kuma kawo sunayen jarumawa da sarakunan yaƙi da malaman kowane zamani, da lokacin da aka ƙago waɗansu sarautu. Gidan da ya gaji ɗaya daga sarautun birni zai iya samun madogara a ciki.

Amma fa littafin fada ne, daga cikin fada kuwa ya ke duban ƙasa. Garuruwan kudu da na gabas ba su shiga cikinsa sai ranar da sarki ya ɗaura yaƙi ya nufe su, ko kuwa ranar da abokan gaba suka ɓullo ta wajensu. Ya ba da labarin yaƙe-yaƙen Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, da mutanen duwatsun Ningi da Warji. Waɗanda ya ambata su ne sarki da barade. Manomin da aka ƙone wa rumbu a ƙasar Gwaram, da matar da aka kama a bakin rafi, ba su da suna a ciki, ga shi kuwa su ne kakannin yawancin masu bincike na yau.

Yaƙin nan shi ne mabuɗin tarihin gidaje da yawa a wannan yanki. Wajen 1846 waɗansu malamai, shugabansu Malam Hamza, suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a kan rigimar haraji, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mazauna wurin. Daga nan har zuwan Turawa hari bai yanke ba tsakaninsu da Kano da Bauci. Aka yi ta kama mutane ta kowane gefe, ƙauyuka suka tashi suka shige garuruwa masu ganuwa, waɗansu da aka kwashe suka hayayyafa a inda aka kai su, suka ɗauki harshen wurin. Mutumin da salsalarsa ta yanke a kaka na huɗu, sau da yawa a cikin wannan hargitsi ta yanke. Tarihin Kano zai gaya masa zamanin da abin ya auku, amma ba zai ƙulla masa igiyar ba.

Tun kafin wannan ma akwai mutane a ƙasar. A duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen shanu, har da marasa tozo, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa masana cikin shekarun 1950. Masu zanen sun yi kiwo a nan, sun haifu, ba kuwa littafin sarautar da ya san da su.

Inda takardar gida ta yi karo da ta fada

Akwai misali guda da ya isa ya koya wa mai bincike hankali. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, shugabansu Abdurrahman Zaite. Bisa lissafin Palmer, Yaji ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. To, zuriyar wannan malami suna da tasu takarda, Asalin Wangarawa, wadda aka rubuta cikin shekara ta 1061 ta Hijira, watau wajen 1650, Muhammad al-Hajj kuma ya buga ta cikin 1968. Ita ta ce a zamanin Muhammadu Rumfa malamin ya iso Kano. Rumfa kuwa cikin 1463 ya hau gado. Tsakanin ƙarshen sarautar Yaji da farkon ta Rumfa shekara 78 ne, mutum ɗaya ba zai zo da girmansa a zamanin duka biyu ba.

Takardar gidan ta girmi littafin fada da fiye da shekara 200, in an bi ra'ayin Hunwick, kuma masu ita sun fi kowa bukatar riƙe sunayen iyayensu daidai. Mai littafin fada kuwa abin da ya dame shi shi ne ya nuna wane sarki ne Musulunci ya kafu a hannunsa. Kowannensu da inda ya sa gaba. Abin lura a nan shi ne, littafi ba ya fin takardar gafaka gaskiya domin an buga shi da inji. Sai an tambayi wanda ya rubuta, da lokacin da ya rubuta, da wanda ya rubuta dominsa.

Ma'aunin Ibn Haldun

Gidaje da yawa na malamai da na sarauta suna da takardar nasaba, wadda ta kan fara da mai gida, ta bi iyaye, ta ƙare ga wani babban suna. Gidajen Haɓe su kan kai ga Bawo ɗan Bayajida, na Fulani ga Uƙuba, na sharifai ga gidan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Littattafan Sakkwato da kansu ba su haɗu a kan wane Uƙuba a ke nufi ba.

Ibn Haldun ya bar wa masu nasaba ma'auni cikin Muƙaddima: a lissafta uba uku ga kowace shekara ɗari, in adadin ya yi nisa da haka, to, an yi ragi ko an yi ƙari. Uƙuba ɗan Nafi'u ya rasu cikin 683. Daga nan zuwa yau ya haura shekara 1,300, watau ana bukatar uba wajen 40. Takardar da ta kawo suna goma sha biyar ta ce ta isa gare shi, ta zubar da fiye da rabin hanya. Wannan bai sa a yar da ita ba. Sunaye biyar ko shida na ƙasa, waɗanda tsofaffi suka ji daga bakin waɗanda suka gan su, su kan tabbata. Na can sama kuwa shaida ne na jama'ar da gidan ya ke lissafta kansa a cikinta, wannan ma ilmi ne mai amfani, muddin ba a ɗauke shi a kan lissafin haihuwa ba.

Takardun Turawa da na alƙalai

Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu, 1903. Bayan 'yan shekaru suka fitar da hakimai daga birni, kowa ya koma ya zauna a gundumarsa, aka shiga rubuta rahoton kimanta haraji gunduma gunduma. Irin waɗannan rahotanni su kan fara da tarihin gari da jerin masu sarautarsa, daga cikinsu ne kuma aka tsamo littafin bayanin Lardin Kano da W. F. Gowers ya fitar cikin 1921. Yawancinsu suna gidan ajiyar takardun gwamnati na Kaduna. Akwai waɗansu takardu a Gidan Arewa, wanda Abdullahi Smith ya kafa cikin 1970, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Mutumin Basirka zai tarar labarin garinsu ya rabu uku: na zamanin Turawa a Kaduna, na En'e a Kano, na bayan 1991 a Dutse.

Aibin waɗannan rahotanni a bayyane ya ke. Di'o ya kan sauka gari kwana biyu ko uku, ya tambayi mai sarauta ta bakin tafinta, a gaban jama'a. Mai sarauta kuwa ya san abin da ya faɗa zai zama hujja a kan gadon gidansa, saboda haka reshen da aka tuɓe ba safai ya kan fito ba. Jerin masu biyan haraji da jangali, waɗanda aka yi ta rubutawa har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano cikin 1979, sunayen maza baligai ne da masu shanu, kuma kowa ya san mutane sun yi ta ɓoye kai da dukiya ranar ƙirga.

Takardun da suka fi kowanne amfani su ne na shari'a. Wurin rabon gado dole alƙali ya ambaci mamaci da matansa da 'ya'yansa maza da mata, domin kowa da rabonsa, kuma akwai mai jayayya a tsaye wanda ba zai bari a tsallake shi ba. Allan Christelow ya buga zaɓaɓɓun shari'u na majalisar Sarkin Kano Abbas, na 1913 da 1914, cikin 1994, ya nuna irin dukiyar da ke cikin waɗannan littattafai. A cikinsu ne talaka da mace da bawa su ke fitowa da sunayensu.

A nan kuma haɗari ya ke. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa bayan 31 ga Maris, 1901, ɗa ne, amma sai cikin 1936 aka kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. Tsakanin nan kotuna sun rubuta dubban shari'u na fansa da murgu, da sunan bawa da ƙabilarsa da kuɗin da aka biya. Layi ɗaya daga irin wannan littafi, in ya faɗa hannun mai husuma, ya isa ya kashe aure a yau. Mai binciken da ya tarar da sunan gidan wani a ciki, amana ce ya tsinta. Ya tuna kuma sarakuna da yawa da a ke alfahari da su 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, kuma littafin da kowa ke neman kakansa a ciki, mai yiwuwa ne bawan sarki ya tattara shi.

Shafuffukan intanet

Manyan shafuffukan neman asali, kamar FamilySearch, na ɗarikar Mormon ta Amurka, wanda aka buɗe cikin 1999, da Ancestry, an gina su ne a kan takardun ƙasashen da suka daɗe suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Ingila ta fara wannan rajista ta gwamnati cikin 1837. Amurka tana ƙidayar mutanenta kowace shekara goma tun 1790, ko da ya ke yawancin baƙaƙen fatarta ba su fito da sunayensu ba sai a ƙidayar 1870, bayan an 'yanta bayi. A Nijeriya kuwa dokar da ta tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasa duka ta 1992 ce.

Abu biyu shafin ya ke tambaya tun farko, sunan dangi da ranar haihuwa, Bahaushen da kuwa ba shi da ko ɗaya. Sunan yanka gare shi, da sunan uba, da laƙabi. Makarantar boko ce ta liƙa wa mutane sunayen garuruwa, aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari, har injin da bai san ƙasar ba zai ɗauka duk mai amsa Gwaram ɗan'uwan wani mai amsa Gwaram ne. Ga kuma alkunya. Mutum ɗaya Abubakar ne a takardar alƙali, Garba a ta haraji, Habu a bakin ƙannensa, Buba a rugar kawunnansa. A'ishatu ita ce Indo, Hauwa ita ce Kulu. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari za ta ba mai tambaya laƙabi ne kawai. Ta haka mutum ɗaya ya kan zama huɗu a cikin kwamfuta, ko kuwa a haɗe Muhammadu huɗu a mai da su ɗaya. Kama da wane ba wane ba ce.

Salsalar da mutane su ke ɗorawa da kansu a waɗannan shafuffuka, da wadda a ke yaɗawa ta Facebook da WhatsApp, in aka bi sawunta sau da yawa ga fassarar Palmer ta ke komawa, da shekarunsa na lissafi, an ɗauke su kamar a gaban shaidu aka rubuta. Shafi goma da suka kwafi juna shaida ɗaya ne. Gwajin ƙwayar halitta kuwa, wanda kamfanoni su ke yi da yawun mutum, iyakarsa ya nuna kusancin jini da waɗansu mutane da aka riga aka gwada. Ba ya fitar da sunan kaka. A ƙasar da Hausawa da Fulani da Barebari da Warjawa suka daɗe suna auratayya, kalmar Bahaushe a kan takardar gwaji ba ta ƙara wa mutumin Basirka kome a kan abin da kakarsa ta sani ba.

Duk da haka intanet ta yi rana a wuri guda. Fassarar Palmer da tsofaffin littattafan Turawa, waɗanda a da sai an je Zariya ko Ibadan, yanzu ana karanta su a wayar hannu. Laburaren Birtaniya kuma, ta shirinsa na ceton takardun da ke lalacewa, ya ɗauki hoton waɗansu tsofaffin takardu na Arewa ya sa su inda kowa zai gani. Wannan sauƙin isa ga takarda ne, aikin auna ta yana nan a wuyan mai karatu.

Abin da ya rage ga malamai

Hukuncin da ya dace da Tarihin Kano shi ne a riƙe shi a kan littafin sarauta mai daraja, wanda ba kamarsa a ƙasar Hausa wajen tsawon zamani da yawan bayani, a yi amfani da shi wajen sanin lokacin da abu ya auku, a bar neman kakannin talakawa a cikinsa. Neman asali daga ƙasa ya ke farawa ya hau. A fara da tsofaffin gida, musamman mata, gama su ne su ke riƙe da labarin aure da goyo da wanda ya sha nonon wa. A tambayi kowanne shi kaɗai, a rubuta sunan yanka da laƙabi duka, da sunan mai ba da labari da ranar da ya bayar. A daidaita shekaru da abubuwan da kowa ya sani, kamar zuwan Turawa cikin 1903, da isowar jirgin ƙasa Kano cikin 1911, da yunwar 1914, da annobar mura ta 1918, da yunwar 'Yar Buhu ta 1927. A duba ƙarshen littattafan da malaman gida suka kwafa da hannu, inda mai rubutu ya kan sa sunansa da na ubansa. A lura da tsagar fuska, da kirarin da maroƙa su ke yi wa gidan, da mutanen da a ke wasan taubasantaka da su, da kufan da a ke cewa daga can aka taso. Sa'an nan a tafi Kaduna da Kano a gwada abin da aka ji da abin da aka rubuta. Inda igiya ta yanke, a rubuta cewa nan ta yanke. Shari'a ta hana mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, ta kuma hana sukar nasabar wani, hani biyun nan kuwa sun isa ka'ida ga mai bincike.

Wannan aiki ne da malaman kwalejojin horon malamai za su iya sa ɗalibansu a lokacin hutu, kowa a garinsu, a tara abin da aka samu a laburaren kwaleji, a ajiye abin da ya shafi sirrin gidaje inda ba kowa zai taɓa ba. Takardun Kaduna za su jira mai zuwa baɗi. Tsohuwar da aka haifa cikin shekarun 1940, wadda ta zauna a ɗakin kakar da ta ga harin Ningi da idonta, ita ce ba za ta jira ba, kuma akwai irinta a Basirka da Gwaram da Birnin Kudu waɗanda har yanzu ba wanda ya zauna gabansu da alƙalami.